Na Je Duwala Ɗauko Malam Isa

Tun da na dawo ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wajen mai shayi a tare ni. "Garba, yaya Kamaru? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda?" Jiya har Mamman mai wankin hula, wanda bai taɓa tsallake gadar Anacha ba, ya ce wai ya ji na koyo Faransanci. To, ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya, kowa ya shafa mini lafiya. Wanda ya zo neman abin dariya zai samu kaɗan, amma ba yawon buɗe ido na je ba, aike aka yi mini.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, Alhaji Ɗanjuma kawuna ne, wan mahaifiyata. Da aka gama yaƙin basasa yana cikin mutanenmu na farko da suka dawo Anacha, ya kafa rumfar zubin tukunyar dalma a bayan kasuwar Ochanja. Lokacin dalma a yashe take, duk inda ka duba gawar mota ce, mutanen gari kuma sun dawo gidajensu ba tukunya ba murfi. Amma ba arhar dalma ce ta yi mana suna ba, Malam Isa ne, babban maƙerinmu. Mutumin nan zai damƙi ƙasar zubi a tafin hannu ya ce a yayyafa ruwa kaɗan, kuma in ba a yayyafa ba tukunyar sai ta fito da huji. Shi ya gyara mana tukwane goma sha biyu da ake danna siffa da su a cikin ƙasar, waɗanda muke ce wa uwaye. In uwa ta karkace, duk abin da aka zuba a gurbinta a karkace zai fito.

Shekara biyu kacal da farawa, ko rufin kwano ba mu gama yi wa rumfar ba, sai fataken Kamaru suka fara zuwa saye. Kawu ya ce don me za mu zauna jiransu, ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ya tura Malam Isa Duwala da uwayen nan duka, da maƙera shida mafiya hannu. Mu aka bar mu muna ɗaukar siffa daga tukwanen sayarwa, kwaikwayo a kan kwaikwayo, kullum gindi na ƙara sirancewa. Daga ranar hankalin gidanmu ya koma waje. Duk wanda hannunsa ya faɗa, sai a ce ya bi mota zuwa Duwala. Da Malam Isa ya buɗe shago a Gabon, kasuwa ta sa wa Kawu suna Alhaji mai ƙasa uku, shi kuwa sunan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Sai kuɗin mai suka zo, jirage suka cika mana kasuwa da tukwanen waje masu ƙyalli. Namu kuma mata suna dawo da su suna zaginmu da Ibo, ni da nake jin Ibo nake shan zagin a shago. Wata safiya Bitrus ya kira ni bakin wuta. Bitrus mutumin kudancin Zariya ne, shi ke narka mana dalma tun ranar farko, ya manyanta, 'ya'yansa huɗu na makaranta a nan. Ya ce, "Garba, ni wuta na sani, ban san ƙasa ba. In Malam bai dawo ba, ko uwayen ba su dawo ba, kafin damina ta wuce rumfar nan ta mutu. Magidanta ashirin da huɗu ke ci a nan."

Na tafi Fatakwal, inda Kawu yake zaune a gidan 'yarsa yana jinyar ƙafa, na zayyana masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka je ka gaishe shi. Ka ga yadda za a yi."

Na ce, "Kawu, in ce masa ka ce ya dawo?"

Ya ce, "Kai ma ai babba ne."

Ko wasiƙa bai ba ni ba. Da ina da wayo da tun nan na gane akwai lauje cikin naɗi, amma ni ina ta murna an ce mini babba.

Zangon farko Enugu, don takardar tafiya da katin allurar rigakafi. Na sauka gidan baƙi na mutanenmu kusa da kasuwar Ogbete, ɗaki ɗaya mu bakwai da buhunan albasa. Kwana uku ina bin layi, aka caka mini allurar da ta kumbura mini dantse har na kasa ɗaga buta. Abincina a kwanakin nan okpa, wani alale ne na gurjiya da suke naɗewa a ganyen ayaba, wanda in ka ci biyu da safe sai la'asar ka tuna da ciki. Kafin in tashi na leƙa unguwar Coal Camp wajen Mazi Okafo, wanda ke tara mana tsohuwar dalma. A Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na tarar ana loda wa wata babbar mota dalma mai kyau, fistin-fistin na mota zalla, mu kuwa an ware mana tarkacen gwangwani a gefe. Na ce wannan ta ina ce? Ya ce, "Ta Duwala ce, ta Malam Isa. Shi yana aiko mutum ya zaɓa, ku kuna aiko gaisuwa." Raina ya ɓaci na fara ɗaga murya, ya dafa ni ya ce, "Abokina, ba ni na kashe zomon ba. Mu Ibo ba ma buɗe shago na biyu sai na farko ya tsaya da ƙafarsa. Ku kun zare ginshiƙin ɗaki kun kai wa sabon gini, yanzu kuna faɗa da ruwan sama." Na tafi ban yi masa sallama ba, don gaskiya ya faɗa.

Daga Enugu muka bi ta Abakaliki zuwa Ikom a wata mota mai jikin katako. Kusa da ni wata mata ce ƙatuwa 'yar Kamaru, Mama Rejina, mai fataucin atamfa, wadda ta mallake rabin kujerata ta kuma yi ta ba ni gyaɗa don kada in yi ƙorafi. Ina ɗauke da tukunyarmu guda, lamba takwas, don in nuna wa Malam Isa abin da muke fitarwa yanzu. A kan iyaka, bayan mun tsallake wata gada mai lilo da ta sa na karanta duk abin da na haddace, wani ma'aikaci ya ɗaga tukunyar ya ce sabuwa ce, kayan sayarwa ce, sai an yi mata takarda. Ni ba Faransanci, shi ba Hausa, sai hannu muke ta yarfawa. Mama Rejina ta fizge tukunyar, ta juye miyarta ta manja da kifi a ciki, ta ce tata ce ta girki, a ba ta hanya. Aka ba ta hanya kuwa. Muka koma mota ta ɗora mini tukunyar a cinya. Ba mu yi mil biyu ba na ji ɗumi. Kayya! Tukunyar gidanmu, mai sunan kawuna a murfi, ta tsiyaye mini manja a farar rigata tun daga cinya har idon sawu. Motar ta kwashe da dariya. Mama Rejina ta duba murfin ta ce da turancin kasuwa, "Wannan jabu ce. Ta gaskiyar a Duwala ake yin ta, ina da uku a gida." Ban gaya mata ko ni wane ne ba.

Hanyar Mamfe kuwa, Allah ya raba ku da ita da damina. Saboda ƙanƙantarta, yau motoci su tafi, gobe su dawo, mu kuma muka iso ranar da ba tamu ba, muka yini muka kwana a tasha. Kashegari sau huɗu muna sauka turin mota cikin jan taɓo, takalmina ɗaya yana can har yanzu. A Kumba na fara cin tuwon rogonsu da suke naɗewa dogo a ganye su ɗaure da zare. Tsami gare shi da danƙo, ka tauna ka tauna har muƙamuƙi ya gaji, amma yunwa ba ta san baƙon abinci ba.

Na shiga Duwala da rigar manja da takalmin roba na aro. A unguwar Hausawa ina cewa Malam Isa mai tukwane, mutum uku suka tashi raka ni. Da ya gan ni ya rungume ni har da ƙwalla, yana tambayar Alhaji, yana tambayar Bitrus, yana tambayar kowa da sunansa. Aka yanka mini rago. Aka ba ni ɗakin da ya fi kowane, aka ɗinka mini riga a yini ɗaya. Matarsa, wata Bafulatanar Garwa da ya aura a can, ta yi ta aiko da kwanuka, har da miyarsu ta shuwaka da gyaɗa, wadda na raina a ido na kuma suɗe kwanon. To, ku kun san al'adarmu. Mai gida ba ya tambayar baƙo me ya kawo shi, baƙo kuma ba ya buɗe baki da buƙata da naman mutane a bakinsa. Kwana uku ina ci ina ƙoshi, ban kawo maganar ba, shi kuma ya sani sarai, sai ƙara mini nama yake yi.

Tunda kun matsa, ga abin da na gani na garin. Burodin gaskiya ne, dogo ne mai tauri, suna saƙale shi a hammata ba ko takarda. Gaisuwarsu hannu ne kawai, in kun haɗu sau biyar a yini sau biyar za a ba ka hannu, amma ba mai tambayar ka gajiya ko iyali. Da rana tsaka sai su rufe shaguna su tafi cin abinci, ko da mai saye na tsaye da kuɗinsa. Kuma komai sai da takarda, ina jin akuya ma ba ta tsallaka titi sai da hatimi.

Amma abin da ya kashe mini jiki maƙerar ce. Gini ne na bulo da rufin kwano, da allo babba mai sunan Kawu a ƙofa, da hotonsa a bango an yi masa gilashi. Injin lantarki ke hura wuta, ba kamar mu da muke juya ƙafar keke ba. Mutum ya fi arba'in a ciki, namu na Anacha da 'yan ƙasa. Kowace tukunya sai an ɗora ta a sikeli, sannan a cika ta da ruwa a ajiye ta yini guda kafin ta fita. Na ce, "Malam, wannan wahalar fa? A gida ba ma yi." Ya ce, "A gida in tukunya ta yi yoyo, sai a ce ai ta Alhaji ce, a yi haƙuri. A nan ni baƙo ne, baƙo ba shi da a yi haƙuri. Watan farko tukunya ɗaya ta zubar wa wata mata miya, sai da na yi wata uku ban sayar da ko murfi a layinsu ba. Zaman baƙunta ne ya koya mini." Uwayen nan goma sha biyu suna rataye a ɗaki mai kwaɗo, ya ƙara wasu da yawa masu ƙafa uku da zurfin ciki, irin da matan can suke so.

Rana ta huɗu bayan azahar na ce yau ko ni ko kunya. Na ɗauko tukunyar manjan na ajiye a gabansa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindin da farce, ya ɗaga ta saitin rana, haske ya ɓullo ta huji biyu. Wallahi sai da ya runtse ido. Na ce, "Malam, ka ga halin da muke ciki. Ka dawo gida, ko ka ba ni uwayen. In ba haka ba rumfar da ta haife ka ta mutu."

Ya ce, "Alhaji ne ya ce?"

Na ce bai ce ba, don ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Garba, kana wurin ranar da zan taho. Me Alhaji ya yi?"

Ina wurin kuwa. Kawu ya tara jama'a a ƙofar rumfa, ya kira liman da sarkin Hausawa, aka raba goro. Ya sa wa Malam Isa babbar riga da hannunsa, ya miƙa masa uwayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na ba ka, na yafe maka duniya da lahira, Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha. Mu a lokacin mun ɗauka ban kwana ne na ƙasaita, irin na mai son a san ya buɗe reshe a ƙasar waje.

Malam Isa ya ce, "A sana'armu, in ubangida ya sa maka riga, ya ba ka kayan aiki a gaban liman, ya yafe maka, me ke nan? Yaye ke nan. Ya sallame ni. Ni ban roƙa ba. Da ya ce je ka riƙe mini shago, da yaron shago ne ni har gobe. Da na iso nan, da wannan shaidar dattawan unguwa suka tsaya mini aka ba ni fili, da ita aka ba ni mata. Yanzu in ce musu aro ne?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "To sunansa da ke kan allo fa? Ka ci da sunan mutum, ka bar gidansa ya rushe? Wannan ai butulci ne, Malam!"

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Ya ce, "Sunan ubana ne, ba zan sauke ba. Kuma kowace sallah gaisuwata tana isa gare shi, tambaye shi. In na bi ka, mutum arba'in ɗin nan su bi wa? In na ba ka uwayen, wa zai taɓa muku ƙasa? Duk mai hannu Alhaji ya turo mini shi da kansa. Amma ji nan. In Alhaji ya tara mutanen da suka shaida, ya ce da bakinsa ya karɓi kyautarsa, wallahi a kaina zan ɗauko su in kawo har Ochanja, in zauna. In kuwa ba zai iya ba, duk wanda ke son aiki a cikinku ya zo, ƙofa a buɗe take."

Na dawo ta ruwa, a wani jirgin katako zuwa Kalaba, na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito. Daga nan mota zuwa Fatakwal. Kafin in je wurin Kawu na tsaya a ɗan shagon da muke da shi a can in wanke fuska. Ina zaune wata mata ta zo, ta ɗaga tukunyarmu ta Anacha, ta ajiye, ta ce ba wannan ba, mai wannan sunan dai amma ta Kamaru. Mai jiran shagon ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, ya jawo ta daga ƙarƙashin tebur. Ashe 'yan kwale-kwale ke shigo da su, shi kuma ya daɗe yana saye a ɓoye don kada shagon ya mutu. Ko faɗa ban iya yi masa ba.

Na sami Kawu a tsakar gida da hantsi, an miƙe masa ƙafar a kan matashi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce, "Kawu, magana ɗaya ce ta rage, kuma a bakinka take. Liman na nan da rai, sarkin Hausawa na nan. Ka tara su ka ce ba yaye ka yi nufi ba, kuskure ne."

Ya ce, "In tara mutane in ce na lashe amaina?"

Na ce, "Kawu, magidanta ashirin da huɗu ne."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Ka ce ginin na bulo ne?"

Na ce na bulo ne.

"Sunan nawa, da manyan baƙaƙe aka rubuta?"

Na ce da manya.

"Har Gabon ɗin ma?"

Na ce, "Haka aka ce mini, Kawu."

Sai na ga fuskarsa ta saki, yana murmushi shi kaɗai. A nan na tabbata ya san abin da ya yi tun ranar da ya yi shi, shi ya sa bai ba ni wasiƙa ba. So yake in je in roƙo masa abin da shi ba zai iya roƙa ba, in an ba ni ya karɓa, in an hana ni ba shi aka hana ba. Baƙin ciki ya hana ni ko kallonsa.

Ya ce, "Isa ɗa ne. Abin da na ba shi na ba shi. Ka zaɓi matasa bakwai da suka fi ƙarfi cikin maƙeran, ka raka su wurinsa, tunda yanzu ka san hanya. Sauran a ba su haƙuri."

Na je ɗauko mutum ɗaya, ga shi an ce in kai bakwai. Takardunsu nake nema yanzu, shi ya sa kuke ganina ina zirga-zirgar Enugu, ba wani sabon kasuwanci na samu ba kamar yadda ake yaɗawa.

Da na iso Anacha kai tsaye rumfar na wuce. Bitrus na bakin wuta, ya hango ni daga nesa, ya dubi hannuwana, ya dubi bayana ko akwai mai biyo ni. Na fara kame-kame, ina cewa Malam na gaishe shi, ya ce a gaya masa ƙofa a buɗe take. Ya ce, "Ni da shekaruna da yara huɗu a makaranta, wace ƙofa? Faɗa mini kawai, Garba. Gobe in hura wuta ko kada in hura?"

Na ce, "Ka hura, mu ƙarasa dalmar da ta rage."

Ya leƙa buhun, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce, "Ta kwana biyu ce."